Maganin sikila na dala miliyan biyu da ƙwayar da muka kasa ba yaranmu

A ranar 16 ga Nuwamba 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince a fara yi wa mutane wani magani mai suna Casgevy, ranar 8 ga Disamba kuma Amurka ta bi sahu. Shi ne magani na farko a duniya da aka halatta wanda ke aiki ta hanyar gyara ƙwayar gado da fasahar CRISPR, an kuma yi shi ne don masu sikila da masu wata 'yar'uwarta da ake kira talasimiya. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, abin da ya haura naira biliyan uku a canjin 2025, ban da kuɗin gado da jini da gwaje-gwaje. Labarin ya zaga wayoyinmu da taken "an samo maganin sikila", iyaye da yawa suka yi hamdala, kuma sun cancanci su yi, don binciken gaskiya ne, ba irin na masu tallar magani a bayan mota ba. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ra'ayina shi ne babban amfanin wannan bincike gare mu a yanzu ba maganin kansa ba ne. Ya tabbatar mana da inda ƙofar cutar take, kuma muna da wata ƙwaya mai araha, haidiroksiyuriya, da ke buɗe wannan ƙofar tun shekarun 1990, mun bar ta a kanta muna kallon yara suna mutuwa.

Sai an san yadda cutar take kafin maganar ta zauna. A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin, sunansa himogulobin. A jikin mai sikila harafi ɗaya tak ya canza a rubutun gadon da ke ƙera shi, wanda ya sauya tubali na shida a jerin da ake kira bita. Vernon Ingram ne ya gano wannan a shekarun 1950. Wannan himogulobin ɗin, mai alamar S, da ya sauke iskar da ya ɗauko sai ya manne da 'yan'uwansa su zama dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje. Lafiyayyar ƙwaya tana kwana 120 tana aiki, ita kuwa wannan kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Daga nan ƙarancin jini da shawara a ido suke fitowa. Waɗanda ba su fashe ba kuma suna maƙalewa a ƙananan jijiyoyi su tare hanya, naman da ke gaba ya rasa iska. Idan a ƙashi ne, shi ne ciwon nan da ke sa ƙato ya yi ta birgima yana kuka. Idan a huhu ne numfashi ya sarƙe, idan a ƙwaƙwalwa ne ɓarin jiki ya shanye.

Ba mu tsinci wannan gado a banza ba. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai ɗauke da S guda ɗaya, wato AS, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa gadon ya yi ƙarfi duk inda sauro ya yi ƙarfi. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda ɗan Najeriya ne, suka bi diddigin gadon mutane kusan dubu uku suka ƙiyasta cewa canjin ya faru sau ɗaya ne, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take da tafkuna da ciyayi. A yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a Najeriya AS ne, kuma ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana amfani da shi shi ne jarirai 150,000 ake haifa da cutar a ƙasar duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Akwai wani lissafi da aka yi a ƙasarmu wanda ya kamata kowane kwamishinan lafiya na Arewa ya haddace. A shekarun 1970, lokacin babban binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a ƙauyukan Garki, wadda yanzu take jihar Jigawa, an gwada jinin jama'a tun daga jarirai har tsofaffi. A cikin jarirai sababbin haihuwa kimanin biyu cikin ɗari SS ne, wato masu S biyu, masu cutar. A cikin manya kuwa sai an tona kafin a ga ɗaya. Ba warkewa suka yi ba, ƙasa ce ta rufe su, akasarinsu kafin su cika shekara biyar, babu wanda ya taɓa sanin sunan abin da ya kashe su. Ina kyautata zaton da yawa daga matan da aka riƙa kira masu wabi, aka riƙa sa wa 'ya'yansu sunaye irin su Ajuji da Ayashe don mutuwa ta ƙyale su, abin da ke gidan kawai shi ne miji AS, mata AS.

Yanzu ga ƙofar. A 1948 wata likitar yara a Brooklyn, Janet Watson, ta lura cewa jinin jariran da aka haifa da cutar ba ya lanƙwashewa kamar na manya, kuma ba sa ciwo a watannin farko. Dalili shi ne ɗan tayi yana da nasa himogulobin na daban, mai alamar F, wanda ba ya shiga cikin waɗancan sanduna, hasali ma yana hana su haɗuwa. Bayan haihuwa jiki yana kashe F a hankali ya kunna na manya, zuwa wata shida aikin ya kusa kammala, daidai lokacin da uwa take fara ganin bayan hannu da ƙafar yaro sun kumbura yana tsala kuka in an taɓa. Shekara sittin ana neman makunnin da ke kashe F. A 2007 da 2008 aka gano shi, wata ƙwayar gado ce mai suna BCL11A, aikin ƙungiyoyin Swee Lay Thein a Landan da Stuart Orkin a Boston da wasunsu. A 2013 aka gano ɗan yankin da ke sarrafa ta a cikin jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. Shekara guda kafin nan Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier sun nuna yadda za a aika almakashin CRISPR ya yanka DNA, wato rubutun gado, a daidai wurin da ake so, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020.

Casgevy bai gyara harafin sikila ba ko kaɗan. Makunnin nan yake yankewa, jiki ya koma ƙera jinin jarirantaka. Matar da aka fara yi wa a cikin masu sikila, Victoria Gray, an yi mata ne a Nashville a watan Yulin 2019. A alƙaluman da hukumar Amurka ta duba, cikin mutum 31 da aka bibiya isasshen lokaci, 29 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba, alhali kowannensu a da yana samun aƙalla biyu a shekara. Wanda ya taɓa kwana a gefen gadon mai sikila ya san girman wannan.

Amma kalmar "magani" tana sa a zaci allura ce a yi a tafi gida. Ga yadda abin yake. Da farko ana dakatar da magungunan da mutum yake sha, a yi ta sauya masa jini na aƙalla mako takwas har S ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin ɗari. Sannan a yi masa allurar Mozobil, wadda ke koro iyayen ƙwayoyin jini daga ɓargo zuwa cikin jijiya. Allurar da aka saba amfani da ita don wannan aiki ga sauran mutane tana iya tayar wa mai sikila ciwon da zai kashe shi, don haka ba a taɓa ta. A haɗa shi da na'ura ta yi awanni tana tace waɗannan ƙwayoyi, kuma sau da yawa zama ɗaya ba ya isa, sai an maimaita bayan makonni, domin ana bukatar aƙalla ƙwaya miliyan uku a kan kowane kilo na nauyinsa bayan an gama gyara, ga kuma wasu da za a ajiye ba a taɓa ba ko da dashen zai ƙi kamawa. A aika su masana'anta, gyara da tantancewa su ci har wata shida. Idan sun dawo sai mataki mafi haɗari: kwana huɗu ana ɗura masa busulfan, maganin da ake ba masu sankarar jini, don ya ƙone ɓargonsa na asali a samu wurin shuka sabo. Gashi ya zube, baki da maƙogwaro su yi gyambo har ruwa ya gagara haɗiya, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa warwas. Zai yi mako huɗu zuwa shida a keɓaɓɓen ɗaki, ana ƙara masa jini, ana tsaron kowace ƙwayar cuta, har sabon ɓargon ya kama. Busulfan yakan kashe haihuwa ga mace da namiji, sai dai in an ɗebi ƙwai ko maniyyi an adana tun farko. Bayan haka za a bibiye shi shekara 15, don har yanzu babu wanda ya rayu da wannan gyara tsawon da za a ce an ga ƙarshensa. Kuma abin da cutar ta riga ta lalata, kamar kan ƙashin ƙugu da ya mutu ko ɓarin jiki da ya shanye, ba ya dawowa.

Ko da attajiri ya biya wa mutum kuɗin, kowane mataki a nan yana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'ajiyar jini mai tsabta, da ɗakin gwaji da ke aiki dare da rana. Dashen ɓargo na gargajiya, wanda ake karɓa daga ɗan'uwa na ciki ɗaya da jininsu ya dace, yana warkar da kusan tara cikin goma na yaran da aka yi wa, kuma an fara yin sa a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Benin ƙarƙashin Nosakhare Bazuaye, Legas ma ta fara a 2024. Duk da haka waɗanda aka yi wa a ƙasar ba su kai a kwatanta su da haihuwar mako guda ba. Idan jarirai 150,000 ne a shekara, to kusan 400 ke nan kowace rana.

Ƙwayar da nake magana a kanta sunanta haidiroksiyuriya. Tsohon magani ne, babu wani kamfani da ke riƙe da haƙƙinsa, ana haɗa shi har a Najeriya. Babban aikinsa a jikin mai sikila shi ne ɗaga wannan F ɗin dai da Casgevy ke ɗagawa. Ba ya kai shi inda gyaran gado ke kaiwa, kuma sai an sha kullum, ranar da aka daina amfanin ya fara zagwanyewa. Ban da haka yana rage yawan fararen ƙwayoyin jini da ke taya toshe jijiya, yana sa jajayen su yi girma su yi laushi. Binciken da aka buga a Amurka a 1995 ya nuna ya rage tashin ciwo da kusan rabi ga manya, aka amince da shi a 1998. An daɗe ana ɗari-ɗari da shi a Afirka, ana cewa zai raunana garkuwar yaran da ke fama da sauro da yunwa. An gwada. Binciken REACH ya ba yara kimanin 600 'yan shekara 1 zuwa 10 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, sakamakon ya fito a farkon 2019: tashin ciwo ya ragu da fiye da rabi, zazzaɓin cizon sauro da ake tsoro shi ma ya ragu da rabi, mace-mace suka ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaya daga cikin muhimman hujjojin duniya kan wannan magani a Kano da Kaduna aka samo ta. Idan ba a yi komai ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Ana iya hango shi tun kafin ya zo. Akwai na'urar TCD, wadda ake ɗora kanta a gefen goshin yaro, tsakanin ido da kunne, ta auna gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu zafi, aikin bai wuce rabin awa ba. Jijiyar da ta fara tsukewa jini yana gudu a cikinta da ƙarfi, kamar ruwa a tiyon da aka matse bakinsa. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin rami. A Amurka maganin wannan shi ne ƙarin jini duk wata, wanda binciken 1998 ya nuna yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin ɗari, amma wane gida ne a Arewa zai iya samo leda mai tsabta duk wata na tsawon shekaru? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da abokan aikinsu na jami'ar Vanderbilt, suka ɗauki yara 220 masu wannan gudun jini, 'yan shekara 5 zuwa 12, suka raba su biyu: rabi suna shan miligiram 10 a kan kowane kilo a rana, rabi suna shan 20. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna 'yan kaɗan ne ƙwarai suka samu shanyewa a kowane ɓangare, ƙaramin awon ma ya yi aiki, babban kuma ya ƙara rage kwanciya asibiti. Yaranmu ne suka ba da jininsu aka samo wannan ilimi, likitoci a wasu ƙasashe suna karanta shi suna aiki da shi, mu kuma a yawancin ƙananan hukumominmu babu na'urar, babu ƙwayar.

Ba magani ne da za a shiga kemis a saya a fara sha ba, kuma wannan ma yana cikin abin da gwamnati za ta tsara. Ana iya farawa tun yaro yana wata tara. Awon farko ga yara yawanci miligiram 20 ne a kan kilo, sau ɗaya a rana, manya 15. Kafin a fara ana ƙirga ƙwayoyin jini a duba ƙoda da hanta, sannan a maimaita ƙirgar duk wata yayin da ake daidaita awo, in ya zauna a koma duk wata biyu ko uku. Idan fararen ƙwayoyi ko masu daskarar da jini suka sauka da yawa, a dakata mako ɗaya ko biyu su farfaɗo, a dawo da awo ƙasa kaɗan. Inda abin ke lalacewa sananne ne. Amfaninsa ba ya bayyana sai bayan wata uku zuwa shida, iyaye su ga sun sha wata guda yaro ya sake kwanciya, su ce ba ya aiki su watsar. Yaro yana girma nauyinsa yana ƙaruwa, ba a sake auna shi ba, awon da ya dace da shi bara ya gaza abin da yake bukata bana. Kafso mai miligiram 500 shi ya fi yawa a kasuwa, yaro mai kilo 10 kuma 200 yake bukata, sai uwa ta fasa tana kintace. Wani ya karanta takardar cikin kwali ya ga an ambaci sankara ya tsorata, babu wanda ya zauna ya yi masa bayanin cewa an shafe shekaru sama da ashirin ana bibiyar masu sikila da ke shan sa, kuma sun fi waɗanda ba sa sha tsawon rai. Mai ciki ko mai shirin ɗauka, da namijin da ke neman haihuwa, su kam sai sun tattauna da likita. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli ma'aikaciyar jinya da aka horar, mai sikeli da littafin rajista, tana iya maganinta.

Sai dai ba a ba yaro magani in ba a san yana da cutar ba, kuma a nan ne muka fi yin sakaci. Abin da ke kashe ƙananan yara masu sikila galibi ba ciwon ƙashi ba ne. Saifa ce ke lalacewa tun a shekarar farko, ita ce kuwa matatar da ke kama wasu ƙwayoyin cuta, musamman mai haddasa namoniya da sanƙarau. Yaro ya tashi da zazzaɓi da safe, a ba shi farasitamol, kafin dare ya tafi. Tun 1986 aka nuna cewa fenisilin na sha sau biyu a rana yana rage irin wannan harbi da kashi 84 cikin ɗari: miligiram 125 ga ɗan ƙasa da shekara uku, 250 daga uku zuwa biyar, a fara kafin ya cika wata uku. A haɗa da cikakken rigakafi, da gidan sauro da maganin kariya daga zazzaɓinsa, da folik asid. A koya wa uwa cewa zafin jiki da ya kai 38.5 a jikin wannan yaro asibiti ne a wannan sa'ar, ba gobe ba. A kama hannunta a ɗora a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu a nuna mata yadda ake lalubar saifa lokacin wanka, domin wani lokaci saifar takan zuƙe jinin jiki cikin awanni, ciki ya kumbura, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, yaro ya yi laƙwas. A Jamaika koya wa iyaye wannan lalube kawai ya rage mutuwa daga wannan matsala ƙwarai. A gaya mata sanyin hunturu da wankan ruwan sanyi da ƙishirwa suna tayar da ciwo, kuma maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da ake saya a kemis ba na ɗanta ba ne sai gwaji ya nuna yana bukata. Da waɗannan abubuwa, ba da gyaran gado ba, Birtaniya da Amurka suka kai inda sama da 90 cikin 100 na yaran da aka haifa da cutar suke girma su zama manya.

Gwajin ma ya daina zama uzuri. A da sai an ɗiga jinin dunduniyar jariri a takarda an aika babban ɗakin gwaji, sakamako ya dawo bayan makonni, a nemi uwa a rasa. Yanzu akwai 'yan tsinkaye irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN: ɗigon jini ɗaya, minti goma, babu wuta, babu firji, kuma yawan F na jariri ba ya ruɗa su. Obiageli Nnodu da abokan aikinta na Jami'ar Abuja sun gwada haka a wuraren rigakafi na Gwagwalada, jarirai sama da 3,000, suka nuna ma'aikatan da ke wurin suna iya yi a cikin aikinsu na yau da kullum. Gana ta fara gwajin jarirai a Kumasi tun 1995. Nijar tana da cibiyar ƙasa ta masu sikila a Yamai, amma ita ma kamar mu, yaron da aka haifa a ƙauyen Maraɗi ko Damagaram ba ya isa can sai ciwo ya riga ya bayyana.

Na san abin da za a ce: ai rigakafi ya fi magani, a hana AS auren AS a huta. A watan Mayun 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotaif. Ina goyon bayan kowa ya san jininsa, kuma tun yana makaranta, ba ana saura mako biyu ɗaurin aure an kai lefe an raba goro ba, lokacin da ƙaryar sakamako ta fi sauƙi a kan fasawa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya game da iyakar wannan hanya. Sakamakon kuskure ya yi yawa: ƙaramin ɗakin gwaji da ke aiki da tsohuwar na'ura ba tare da jinin kwatance ba yana iya ba AS takardar AA; wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce sakamakonsa na mai ba shi jinin ne a gauraye; gwajin nan mai arha da ke nuna "akwai sikila" kawai ba ya bambance AS da SS; mai ɗauke da wani himogulobin mai alamar C ko talasimiya yana iya haifar mai cutar da AS alhali an ce masa lafiya lau. Ga kuma kuskuren lissafi da ya zama ruwan dare, wai in AS ya auri AS ɗa na huɗu ne zai fito da cutar. Kowane ciki ƙuri'arsa daban, ɗaya cikin huɗu, ana iya jera uku masu SS, ana iya haifar takwas babu ko ɗaya. Sama da duka, dokar aure ba ta ce komai ba game da miliyoyin ma'auratan da suka riga suka yi aure suna kan haihuwa, ko jaririn da aka haifa jiya. Idan muka tsaya a kanta kaɗai, saƙon da muke aika wa mai sikila shi ne kuskure ne aka haife shi, daga nan kuma babu abin da muke bin sa.

Wannan saƙo yana bin sa har gadon asibiti. Ƙa'ida ita ce mai tashin ciwo ya samu maganin zafi mai ƙarfi cikin awa guda da isowarsa. Abin da ya fi faruwa shi ne a dube shi a ce ya saba, ko a zarge shi da neman allura. Mofin, wanda shi ne ya dace kuma ba shi da tsada, ba a cika samunsa ba, sai a koma fentazosin, wanda matasa da yawa suka koyi yi wa kansu a gida har cinya ta ruɓe, ko su yi ta haɗiyar diklofenak har ƙoda ta gaza. Haidiroksiyuriya da ke rage tashin ciwon da rabi ita ce hanya mafi kusa ta rage wannan duka.

Ba ina cewa a juya wa sabon bincike baya ba. A 2019 gidauniyar Gates da cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka yi alkawarin dala miliyan 100 kowannensu don neman gyaran gado mai araha ga sikila da ƙanjamau, burin shi ne allurar da za ta yi gyaran a cikin jiki ba tare da an ƙone ɓargo ba. A 2025 likitoci a Filadelfiya sun yi wa wani jariri mai wata cutar hanta ta gado gyara a cikin jikinsa ta hanyar ɗurin jijiya, abin da ke nuna hanyar ba mafarki ba ce, ko da yake isa ɓargo ya fi isa hanta wuya. Sabo kuma ba kullum yake zama alheri ba: Oxbryta, ƙwayar sikila da aka yi ta yabo bayan amincewa da ita a 2019, kamfanin Pfizer ya janye ta daga kasuwannin duniya a Satumbar 2024 saboda alƙaluman mace-mace da suka tayar da hankali. Ranar da allurar gaskiya za ta zo da farashin da za mu iya, za a nemi yaran da aka san suna da cutar, masu rajista, waɗanda ƙwaƙwalwarsu da ƙodarsu ba su riga sun lalace ba. Ƙasar da ba ta gwada jariranta ba ba ta da wannan rajista.

Don haka abin da nake nema daga majalisun jihohinmu, musamman Kano da ta riga ta nuna tana iya yin doka a kan jini, shi ne su ƙarasa aikin. Uwa tana kawo jariri allurar BCG a makon farko, tana dawowa a mako na 6 da na 10 da na 14. A ɗaya daga cikin waɗannan zuwa a ɗigi jininsa a tsinke, a rubuta sakamakon a katin rigakafin da take adanawa. Wanda ya fito SS ko SC a tabbatar da na'ura a babban asibiti, a ba shi fenisilin a ranar, a sa sunansa a rajistar ƙaramar hukuma. A wata na tara, ranar allurar ƙyanda, a fara maganar haidiroksiyuriya, a sa ta cikin magungunan da asusun lafiya na jiha ke biya, a sayo ta da awon yara na miligiram 100 ba 500 kaɗai ba. Daga shekara biyu zuwa sha shida a auna kansa da TCD sau ɗaya a shekara, ko da na'ura ɗaya ce ke zagaya manyan asibitocin shiyya a ranakun da aka sanar. A kasafin kuɗin baɗi a ware wa waɗannan layi nasu da sunansu, yadda ɗan jarida zai iya zuwa a watan Yuni ya tambayi tsinke nawa aka saya, jarirai nawa aka gwada.